Kwamfuta ta zana, amma wa zai fara karɓar allurar?

Assalamu alaikum ɗana,

Saƙonka ya iso, har sau biyu na karanta shi. Ka ce ka ji an ba waɗanda suka koya wa kwamfuta zana furotin kyautar Nobel, shi ne kake tambaya: tunda ƙirƙirarriyar basira na iya fitar da siffar magani cikin awanni, mene ne amfanin tsohuwar al'adarmu ta masu haɗa magani, wadda ake shafe shekara goma ko fiye ana gwaji kafin a ba mutane? Har ka ƙara da cewa ko dai mu tsofaffin ne ba ma son sakin abin da muka saba. Na yi dariya sosai. Ni ma da nake da jini a jika, kallon da nake yi wa malamanmu ke nan.

Al'adu biyu ka haɗa a buhu ɗaya. Akwai yadda muke nemo magani, akwai kuma yadda muke gwada shi. Ta farkon ce na'ura ta girgiza, kuma ban yi baƙin ciki ba ko kaɗan.

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, a jere kamar ƙwayoyin carbi. Sai dai sarƙar ba ta zama a miƙe, nannaɗewa take yi ta dunƙule ta ɗauki wata siffa, kuma da wannan siffar take aiki, kamar yadda makulli ke buɗe kwaɗo saboda yankan haƙoransa. In kana son ka ga muhimmancin jerin, dubi cutar sikila. A cikin sarƙa mai ƙwayoyi 146 ta furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, ƙwaya ɗaya tak ce ta sauya, ta shida. Vernon Ingram ne ya fara nuna haka a 1956. Daga wannan ƙwaya ɗaya duk wahalar ta taso.

A zamaninmu ba ma ƙirƙirar furotin, aro muke yi. A 1921 Banting da Best suka tsamo insulin, furotin ɗin da ke daidaita sukari a jini, a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma shekaru kusan sittin masu ciwon sukari na rayuwa da wanda aka tatso daga jikin shanu da aladu, sai a 1982 aka amince da wanda ƙwayoyin bakteriya ke haɗawa bayan an dasa musu umarnin yin irin na mutum. Maganin dafin maciji kuwa, tun zamanin Albert Calmette a shekarun 1890, doki ake yi wa allurar dafi kaɗan-kaɗan, jikinsa ya yi garkuwa, a ɗebi jininsa a tace. Duk abin da halitta ba ta riga ta yi ba, mu ma ba mu da shi.

Ko ganin siffar furotin ɗin ma wani jan aiki ne. Max Perutz ya kwashe fiye da shekara 20 a Kambirij kafin ya ga siffar wancan furotin na jini. Amma a nan akwai wata ɗabi'a ta masu bincike da nake so ka riƙe, domin labaran da kuke karantawa ba sa ambatonta. A 1971 aka buɗe wani rumbu da ake ajiye siffofin furotin, ya fara da guda 7 kacal. Sannu a hankali ya zama ka'ida cewa duk wanda ya gano wata siffa, ya kai ta can kowa ya gani kyauta, ko da kuwa rabin rayuwarsa ya ƙarar a kanta. Yau akwai sama da 200,000. Daga wannan rumbun ne AlphaFold, manhajar kamfanin DeepMind da ke duba jerin furotin ta yi hasashen siffarsa, ta yi karatu, har ta ba duniya mamaki a gasar hasashen siffar furotin ta 2020, sannan a 2022 aka saki hasashen siffofi fiye da miliyan 200. Don haka in ka ce na'ura ta fi tsofaffi, to a allonsu ta koyi baƙi.

David Baker na Jami'ar Washington da ke Siyatil shi ya bi ta ɗaya ɓangaren. Maimakon ya tambayi wace siffa wannan jerin zai ɗauka, sai ya ce ga siffar da nake so, wane jeri ne zai ba ni ita? A 2003 shi da abokan aikinsa suka ƙera wani furotin mai suna Top7, mai ƙwayoyi 93, wanda ba a san irin nannaɗewarsa a wata halitta ba. A 2023 suka fito da manhajar RFdiffusion, wadda za ka nuna mata wurin da kake son magani ya kama a jikin ƙwayar cuta ko dafi, ta zana maka furotin da zai dace da wurin. Shi ya sa aka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2024, rabi gare shi, rabi ga Demis Hassabis da John Jumper, masu AlphaFold. Ni da na sha ɓata watanni ina tace abu ɗaya, ranar ƙarshe in tarar ya dunƙule a gindin kwalba ya lalace, wallahi ban ga abin raini a wannan aiki ba.

Al'adar gwaji fa, babu wanda ya zauna ya ƙirƙiro ta don jin daɗi. Kowane mataki da kake gani, wani abu ne ya faru aka ƙara shi. Daga 1957 aka riƙa sayar da maganin thalidomide, har ana ba mata masu ciki saboda tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa a hannu da ƙafa. A Amurka wata ma'aikaciyar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu saboda hujjojin ba su gamsar da ita ba, kuma a 1962 ƙasar ta yi dokar da ta tilasta a nuna magani yana aiki kafin a sayar.

Za ka ce ai wannan da ne, kuma ba furotin ba ne. To ga na kusa. A watan Maris na 2006, a wani asibiti a Landan, aka yi wa samari shida masu ƙoshin lafiya allurar wani sabon maganin furotin mai lamba TGN1412. An gwada shi a jikin birai lafiya lau, kuma abin da aka ba samarin bai wuce kashi ɗaya cikin 500 na wanda birai suka jure ba. Cikin awanni kaɗan garkuwar jikinsu ta haukace ta far wa gaɓoɓinsu, duka shidan suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mintuna kaɗan aka bari tsakanin allurar wannan da ta wancan, kafin na farko ya fara kuka da ciwo an riga an yi nisa. Tun daga nan aka ƙarfafa ka'idar cewa mutum ɗaya ake fara ba, a jira, a ga yadda ya kwana. Lura da kyau, maganin nan bai kuskure wurin da aka aike shi ba. Ya kama daidai, kamun ne ya zama bala'i.

Wannan shi ne abin da zane ba ya gaya maka. Na'ura za ta ce makullin ya shiga kwaɗo, amma ba ta san me ke bayan ƙofar ba. Shin jiki zai ɗauki sabon furotin ɗin a matsayin baƙo ya yi masa garkuwa, allura ta biyu ta zama banza ko ta zama haɗari? Awa nawa zai yi a jini kafin ƙoda ta fitar da shi? Wurin da muka nufa ɗin ma, shi ne tushen cutar ko dai mun yi zato ne? Kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai ga gwaji a jikin mutane ba sa kai labari, kuma yawancinsu don ba su warkar ba ne ko sun cutar. Ana fara gwadawa a mutane 'yan kaɗan don a ga ko akwai illa, sannan ɗaruruwa, sannan dubbai. In kana son sanin abin da magani zai yi wa mutum bayan shekara biyu, babu kwamfutar da za ta taƙaita maka shekara biyun.

Su kansu masu zanen ba su tsallake layi ba. Rigakafin korona mai suna SKYCovione, wanda aka zana ginshiƙinsa da kwamfuta a cibiyar su Baker, sai da ya bi matakan gwaji a jikin mutane kafin Koriya ta Kudu ta amince da shi a 2022. A farkon 2025 kuma suka wallafa cewa sun zana ƙananan furotin da ke toshe wani nau'in guba da ke cikin dafin macizai dangin gamsheƙa, kuma sun ceci ɓeraye daga dafin da ya isa ya kashe su. Na ji daɗin wannan labari fiye da na Nobel ɗin, domin furotin irin wannan yana jure zafi, kuma bakteriya za su iya haɗa shi ba tare da an tsare doki ba. Amma ɓeraye ne aka ceta. Wanda maciji ya sara a daren nan, har yanzu na jinin dokin za a nema masa.

Saboda haka in ka sake cin karo da labarin cewa na'ura ta gano maganin cuta kaza, kafin ka turo mini da zumuɗi, ka duba mini abu ɗaya a ciki: a kan allo aka gani, ko a kwalbar gwaji, ko a ɓera, ko a mutum, kuma mutum nawa. In ka samo amsar, kira ni mu tattauna, don yatsuna sun gaji da danna wayar nan.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe.

Kawunka