Da jika 250, wace kwamfuta ce za ta ɗauki waƙa a ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Tawa, ina waƙa, abokina kuma yana kaɗa gurmi. Mun gaji da kai kuɗi sutudiyo, muna so mu riƙa ɗaukar aikinmu a gida. Na tara jika 250 na sefa. Mai shago ya nuna mini kwamfutar hannu biyu: sabuwa dal cikin kwali, Celeron mai RAM giga 4, da wata okaziyo wadda ya ce i7 ce. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Sabuwar nan ka manta da ita. An ƙera irinta don rubutu da shiga intanet, kuma sau da yawa RAM ɗinta, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, liƙe yake a jikin allon ciki, ba a iya ƙara shi. Ka ɗora murya uku da kiɗa a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio, ka sa abin gyaran murya, sai ka ji sauti yana tsinkewa kamar rediyon da batir ya ƙare masa.

Ta biyun kuwa, cewa i7 ce (sunan injin da ke yi mata lissafi ke nan) bai gaya maka komai ba. Nan ne ake cin kuɗin mutane da yawa, ba a Tawa kaɗai ba, har a shagunan Yamai. Abin dubawa shi ne lambar da ke biyo bayan ƴar sandar (-) a cikakken sunan injin. In ka ga i7-4600U, lamba 4 na farko tana nufin zubi na huɗu, na shekarar 2013, mai ƙwaƙwalwa biyu kacal. In ka ga i5-8250U, wannan zubi na takwas ne, na 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ya fi wancan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Aikin kiɗa a kan injin nan yake hawa, domin kowane layi na sauti da kowane ado da ka ɗora masa lissafi ne da dole a gama shi nan take. Akwai wani dalilin tsayawa a zubi na takwas zuwa sama: Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun watan Oktoba na 2025, kuma Windows 11 daga zubi na takwas take karɓar injinan Intel.

Da ni ne, okaziyo zan nema cikin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu: Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 5490 ko HP EliteBook 840 G5. Duk na wajajen 2018 ne, suna da ramin RAM biyu, ana kwance su da sauƙi, masu gyara kuma sun san cikinsu. RAM giga 8 zai fara maka aiki, in kuɗi sun samu ka kai shi 16. Ma'ajiya ta zama SSD, wato irin mai sauri, ko da giga 256 ce. Sautin kansa ba ya cin wuri sosai: minti ɗaya na layin murya guda bai kai mega 9 ba. Tarin sautukan kayan kiɗa ne ke cika ciki. Katin hoto na masu wasan gem kuwa, kada ka ƙara ko dala ɗaya saboda shi.

Kuɗin nan kada kwamfuta ta cinye su duka. Ware kamar kashi ɗaya cikin uku don kart son ta waje, wato ƴar akwatin da ake jona makirfo da kwamfuta ta cikinta, da makirfo, da abin sawa a kunne mai rufe kunne ruf. Muryarka da gurmin abokinka ta nan za su shiga, kuma ramin makirfon jikin kwamfuta shuu yake kawowa. Behringer UMC22 tana cikin masu sauƙin kuɗi, Focusrite Scarlett ta fi ta tsada da tsabtar sauti. In kuna son ɗaukar murya da gurmi lokaci guda da makirfo biyu, sai mai ƙofa biyu, irin Scarlett 2i2 ko UMC202HD. Makirfo na kondansa, irin na sutudiyo, yana bukatar wutar 48V, ka tabbata akwai maɓallinta a jikin kart son ɗin. Da direban ASIO, wato manhajar da ke haɗa kart son da Windows, in ka sa bafa (yawan sautin da ake tarawa kafin a sarrafa) a 128, jinkirin da take ƙarawa kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ne, kunne ba ya kama shi. In za ka haɗa sauti bayan ɗauka, ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 don injin ya sarara.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, in injin ya ɗau zafi da kansa yake rage gudu, fankarsa ta tashi da ƙara, makirfo kuma ya kwashe. Kada ka aza kwamfutar kan katifa ko darduma, ka nesanta ta da makirfo, bayan hunturu kuma a buɗe a busa ƙurar. Na taɓa ɓata yini guda ina neman inda wani zuu yake shiga muryar wani mawaƙi, ashe caja ce ta jabu. Ina zare ta, shiru. Saboda haka batir mai riƙe awa biyu ko uku yana da amfani biyu: ranar da aka ɗauke kuran, da lokacin ɗaukar murya.

Ranar ciniki, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka karanta sunan injin da yawan RAM da irin ma'ajiya da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna. Gwada kowane ramin USB, zare caja ka ga yadda batir ke sauka, ka duba ko an kulle BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, da kalmar sirri. Manhaja kuma ba sai ka ɗauko fasasshiya mai ƙwayar cuta ba: Audacity kyauta ce, Reaper tana ba da gwajin kwana 60 da komai nata a buɗe. Sa Reaper cikin kile USB ka tafi da ita shagon, in mai kaya ya hana ka gwadawa, leƙa shago na gaba.