Ɗan kawuna ya nemi aurena na ƙi, yanzu sun ce in rubuta takardar ajiye aiki

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Shekarata shida ina aikin akanta a wani kamfanin sayar da kayan gini a nan Kano. Kamfanin na kawuna ne, yayan mahaifiyata, ɗansa kuma shi ne manaja. Bara ɗan nasa ya ce yana sona da aure, na ba shi haƙuri saboda ina da wanda muka riga muka daidaita. Tun daga nan ban sake samun kwanciyar hankali ba. Takardar tuhuma uku aka ba ni cikin wata huɗu, alhali shekara biyar ɗin farko ko ɗaya ban taɓa karɓa ba. An ɗauke ni daga ofis an mayar da ni sito. Makon jiya Kawu ya kira ni ya ce in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna kafin ƙarshen wata, don a rabu lafiya kada a ce korata aka yi. Mahaifiyata tana ta kuka, tana cewa in rubuta kada zumunci ya lalace. Wani abokin yayana kuma ya ce ko na je kotu ba abin da zan samu tunda kamfanin nasu ne. Ni nake ɗauke da karatun ƙannena biyu. Ko barci ba na iya yi. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya kawo miki mafita. Kada ki rubuta takardar nan. Kada kuma ki sa hannu a kan wadda wani ya rubuta ya miƙo miki, ko da an ce ai ta cike fayil ce kawai. Ki riƙe wannan tukuna, sauran bayani zai biyo.

Bari in fara da maganar abokin yayanki. Abin da ya faɗa tsohuwar ƙa'ida ce da muka gada daga dokar Ingila, wadda ta ce mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko maras kyau, ko ba dalili sam, muddin ya ba da notis ko kuɗin notis. Har yau akwai alƙalan da ke riƙe da ita, kuma lauyan kawunki da ita zai fara. Sai dai abubuwa sun motsa tun bayan gyara na uku da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2010, wanda ya shigo da sashe na 254C. Wannan sashe ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin sauraron rikicin aiki, ya kuma ambaci rashin adalci a harkar ƙwadago, da nuna bambanci, da cin zarafi mai alaƙa da jinsi a wurin aiki, ya ba ta damar duba yadda ake yi a duniya. Da wannan damar ce kotun ta jingina da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond a 2015, ta ce ya kamata sallama ta kasance da dalili ingantacce da ya shafi aikin mutum ko halayensa a bakin aiki. Ƙin auren ɗan mai gida ba ya cikin waɗannan.

Ki kuma fahimci inda ƙarar taki take. Neman aurenki da ɗan kawunki ya yi ba laifi ba ne, ba kuma shi za ki kai kotu ba. Auren zumunci abu ne da muka tashi muka tarar. Laifin yana cikin abin da ya biyo bayan amsarki: ya ɗauki muƙaminsa na manaja ya mayar da shi bulala. Kotun Ma'aikata ta taɓa yanke hukunci a kan irin wannan a 2013, a ƙarar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft na Najeriya, inda aka sallami ma'aikaciya bayan ta ƙi biye wa shugabanta, kotu ta ba ta gaskiya da diyya. Najeriya kuma ta rattaba hannu a Yarjejeniya ta 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki a 2022.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum sai na gamu da shi a ofis. Mutanenmu sun ɗauka rubuta takardar ajiye aiki rufin asiri ne, wai gara a ce ka ajiye da a ce an kore ka. Wallahi wannan fahimtar ta cinye haƙƙin mutane fiye da yadda mugayen iyayen gida suka cinye. Mutum ya shigo min da hawaye, ya ba ni labarin zalunci tun daga farko har ƙarshe, in tambaye shi ina takardar sallama, sai ya zaro kwafin takarda da rubutun hannunsa, wadda a ciki yake cewa ya ajiye aiki bisa raɗin kansa saboda wasu dalilai na ƙashin kai, har yana gode wa kamfani bisa kyautatawar da aka yi masa. Da me zan tsaya gaban alƙali? Shi da kansa ya ba abokin shari'arsa shaidar da ta fi kowace ƙarfi.

Ki tsaya ki yi tunani, me ya sa kawunki bai sallame ki kawai ba? Kamfaninsa ne, takarda da biro suna gabansa. Dalili shi ne in shi ya rubuta, nauyi yana kansa. Sai ya ba ki notis ko ya biya kuɗinsa. In ya ambaci laifi a takardar, doka ta ɗora masa tabbatar da laifin, da kuma nuna cewa an ba ki dama kin kare kanki. In bai ambaci komai ba, za a tambaye shi me ya sa ma'aikaciyar da ta shekara biyar ba ko gargaɗi ta zama abar sallama 'yan watanni bayan ta ƙi ɗansa. Amma in ke kika rubuta, duk wannan ya faɗi. Ba notis, ba bayani, ba tambaya. A wasu wuraren ma mutum ya ajiye aiki nan take, a juyo a ce shi ne bai ba da notis ba, a zare kuɗin wata ɗaya daga ɗan abin da ya rage masa. Na ga an yi haka da idona.

Za ki ji wasu suna cewa ai ba komai, ko ka rubuta kana iya zuwa kotu ka ce tilasta maka aka yi. Gaskiya ne kotun ta amince da wannan, cewa ajiye aikin da aka matsa wa mutum ya yi kora ce a lulluɓe, kuma ta sha yanke hukunci a kai. Amma a nan ke ce za ki kawo hujja. Tilastawar kuwa a ina aka yi ta? A falon kawunki, ku biyu, da baki. Wa zai zo ya ba da shaida? Mahaifiyarki za ta tsaya gaban alƙali ta ƙaryata yayanta? Ma'aikatan da albashinsu ke hannunsa za su buɗe baki? Me zai sa ki saki igiyar da ke hannunki ki koma neman wadda ke ƙasan rijiya?

Ita kuma barazanar ɓata suna da ake tsorata mutane da ita, a nan ma akwai ruɗani. Sallama daban, kora daban. Sallama ita ce a kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki da notis, a biya ka haƙƙoƙinka, ba tabo a jikinka. Kora kuwa hukunci ce a kan babban laifi kamar sata ko ha'inci, ita ce mai ɓata suna da hana haƙƙi, kuma ba a yinta da fatar baki. Waɗannan takardun tuhuma uku da aka jera miki, ga alama shimfiɗa ake yi wa kora, don a tsorata ki ki gudu da ƙafarki. Shi ya sa nake son ki amsa kowace ɗaya a rubuce, cikin ladabi, da kwanan wata, ki tsaya kan abin da aka tambaye ki, ki sa wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinki. In akwai wadda ba ki amsa ba, ki amsa yanzu.

Ki kuma rubuta wa kawunki wasiƙa a matsayinsa na shugaban kamfani. Gajeriya, ba zagi ba gori. Ki ce a rana kaza ya umarce ki da ajiye aiki, ke kuwa ba ki da niyyar ajiyewa, kina nan a bakin aikinki, kuma kina ƙorafi a kan sauyin da kika gani tun daga lokacin da kika ƙi tayin manaja. Wannan wasiƙar ita za ta mayar da maganar falo ta zama abin da kotu za ta iya gani. Ki tattara takardar ɗaukarki aiki, da alat ɗin albashi na banki, da takardar da aka mayar da ke sito, da saƙonnin WhatsApp da ɗan kawun naki ya turo miki tun daga na soyayya har na fushi. Kada ki goge ko ɗaya don jin kunya. Ki ajiye kwafi a wani wuri da ba wayarki ba.

Tunda akanta ce ke, ga gargaɗi na musamman. Hanya mafi sauƙi ta karya akanta ita ce a ce kuɗi sun ɓata. Duk abin da kika miƙa, littafin lissafi ne, makulli ne, kayan sito ne, a ƙirga a rubuta, ku sa hannu ke da mai karɓa. Kada kuma ki kwashi takardun sirrin kamfani ki kai gida da sunan tara hujja, za ki ba su sandar dukanki. Abin da ya shafe ki kaɗai za ki riƙe.

Game da notis, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya shekara biyar ko fiye ana ba shi wata ɗaya, a rubuce. Sai dai sashe na 91 na dokar ya cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, ya kuma cire iyalan mai aikin, don haka za su iya cewa dokar ba ta hau kanki ba. Kada wannan ya tayar miki da hankali. Yarjejeniyar aikinki tana nan, kuma ƙofar Kotun Ma'aikata a buɗe take ga akanta da manaja da ɗan'uwan mai kamfani baki ɗaya. Ki duba asusunki na fansho ma ki gani ko ana zuba miki. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Kamfanonin dangi da yawa suna cire na ma'aikaci ba sa turawa, kuma wannan bashi ne da ake karɓowa.

Ba zan yi miki alƙawarin abin da babu ba. Da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya ci gaba da riƙe ma'aikacin da ba ya so. Mayarwa bakin aiki galibi na ma'aikatan gwamnati ne da doka ta kafa aikinsu. Abin da ake nema a irin taki kuɗi ne: albashin da ya maƙale, kuɗin notis, na hutu, fansho, garatuti in yana cikin yarjejeniya, sai diyya. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara biyu a shari'ar Sahara Energy da Oyebola, amma akwai shari'o'in da abin da aka bayar bai wuce kuɗin notis ba. Duk wanda ya ce miki miliyan kaza za ki samu tun bai ga takarda ko ɗaya ba, kuɗinki yake so. Haka masu cewa a kai maganar ofishin 'yan sanda, ko kotun majistare, ko kotun shari'a ta unguwa. Ba huruminsu ba ne, watanni za ki ɓata a ƙarshe a ce ki koma inda ya dace. Kotun Ma'aikata tana da reshe a nan Kano. In kuɗin lauya ya yi miki nauyi, ki je ofishin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ki kai kokenki.

Sai maganar Hajiya mahaifiyarki, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Kukanta na gaskiya ne, yayanta ne, kuma ita za ta ci gaba da haɗuwa da shi a biki da suna da zaman makoki. Ni ma ban ce ki ruga kotu gobe ba. Sulhu alheri ne, kuma mafi yawan irin wannan rikici a teburin sulhu muke kashe shi. Ita kanta kotun tana da cibiyar sasanci tun 2015. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da ake yi a kan wuyan mai rauni, a ce ya yi haƙuri ya tafi hannu rabbana, mai ƙarfi kuma ko uffan ba a ce masa ba. Iyayenmu suna yawan manta cewa wanda ya taɓa abincin marainiya ko 'yar ƙanwarsa saboda ta ƙi auren ɗansa, shi ne ya fara yanke zumunci. Addininmu ya ba mace haƙƙin a nemi yardarta kafin a aurar da ita, Manzon Allah (SAW) kuma ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ki zauna da ita ki faɗa mata haka da taushin murya, ki nuna mata cewa karatun ƙannenki ne a kan wannan takardar.

In ana son a rabu lafiya, ga yadda ake yi. A samu dattijo ɗaya da kawunki yake jin nauyinsa, ke kuma ki zo da lauyanki ko wani namiji babba daga dangin mahaifinki. A rubuta yarjejeniyar rabuwa: nawa za a biya ki, a wace rana, a janye takardun tuhumar nan uku daga fayil ɗinki, a ba ki takardar shaidar kyakkyawan aiki ta shekara shida. Kuɗi su shiga asusunki, sannan ki sa hannu. Kafin nan, ki ci gaba da zuwa aiki kan lokaci kowace rana, ko da a siton ne, ki sa hannu a rajista, don rashin zuwa na kwana uku kacal zai iya zama laifin da suke nema. Ranar da aka hana ki shiga ƙofa, ki rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya hana ki, ki kira lauyanki daga nan bakin get ɗin.