Sunan Washington na surukina, shin jinin shugaban Amurka ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata tana aure a Amurka, mijinta baƙar fata ne Musulmi, sunan gidansu Washington, jikokina ma shi ake kiransu da shi. Hankalina bai kwanta ba, ko sunan yana da mummunar ma'ana? Kuma wani shafi a intanet ya ce a biya kuɗi zai ba su takardar nasaba da tambarin gidan George Washington, shugaban Amurka na farko.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, sunan gari ne kawai, ba gunki a ciki, ba kuma ruwansa da wanki kamar yadda wasu ke fassarawa. Garin yana arewa maso gabashin Ingila kusa da Sunderland, "ton" ɗin ƙarshe a tsohon Turanci gona ce ko ƙauye, farkon kuma ya fito ne daga sunan mutumin da wurin yake nasa. Wani William de Hertburn ne ya samu mallakar wurin tun kafin 1183 aka koma ce masa de Wessyngton, daga zuriyarsa John Washington ya haura Bajiniya ta Amurka wajen 1657, shi ne kakan baban George.

To amma zancen takardar nan shi ne yake ɓata min rai wallahi, kullum sai an kawo min irinsa. Suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya! Mu da muke da Aminu Kano da Shehu Shagari ai bai kamata a yaudare mu da wannan ba, yanzu duk mai Kano a ƙarshen sunansa ɗan uwan Malam Aminu ne? Haka yake a can, akwai ma wani garin Washington ɗin daban a Sussex da ke kudancin Ingila. Shi George kuwa bai haihu ba ko ɗaya, duk wanda ya ce miki jikansa ne ƙarya yake. Kuma a ƙidayar Amurka ta 2000 cikin mutum kusan 163,000 masu wannan suna kashi 90 baƙaƙe ne, da yawa kakanninsu bayi ne da suka zaɓi sunan da kansu lokacin da aka 'yanta su wajen 1865, to ta ina ɗan damfara zai haɗa su da gidan turawan Ingila yana zaune gaban kwamfuta bai ga takarda ko ɗaya ba? Tambarin ma a dokar Ingila mutum ɗaya ake ba wa sai magadansa, ba a taɓa ba wa suna ba. Na ga waɗanda suka tura kuɗi har da hoton fasfo, daga baya aka dawo musu da labarin wai akwai gado sai sun biya kuɗin lauya.

Kar su biya ko sisi. Surukinki ya zauna da tsofaffin gidansu su faɗa masa sunayen kakanni da garin da suka zauna, sai ya nemi sunayen a ƙidayar 1870, ita ce ta farko da aka rubuta 'yantattun bayi kowa da sunansa.