Tambayi Likita: Karfasar kiwo da maganin da ya daina ci

Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan kifi suka zo, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wani mai kiwo daga Kware ya rubuto: "Likita, ina da kwami huɗu na karfasa. Tun da bazara ta kama suke mutuwa, idanu sun firfito, wasu na ta juyi kamar masu hajijiya. Bara na zuba kafso ja da rawaya an dace, bana ko gezau. In ƙara yawansa?"

Malam, kada ka ƙara. Ni likitan mutane ne, amma kafson nan tetracycline ne, maganin yaƙar ƙwayoyin cutar bakteriya, kuma labarinsa a kwaminka shi ne labarinsa a asibiti. Alamun da ka lissafa sun fi kama da aikin ƙwayar cutar bakteriya mai suna Streptococcus, wadda ke samun karfasa idan ruwa ya yi ɗumi, musamman ya kai digiri 30 ko ya haura. Ka san zafin Sakkwato a Afrilu, yakan wuce 40. Ruwa mai ɗumi iskar shaƙa ba ta zama a cikinsa sosai, ga cunkoso, ga ragowar abinci na ruɓewa a ƙasa. Kifi ya galabaita, cuta ta samu ƙofa.

Abin da ya faru bara shi ne, maganin ya kashe ƙwayoyin da ba su da ƙarfi, ya bar masu taurin kai. Su suka hayayyafa suka gaje kwamin. Har ila yau ƙwayoyin nan suna miƙa wa juna dabarar bijire wa magani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Sannan kifin da ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya cin abinci, to maganin da aka cakuɗa a abinci wa ya sha? Masu lafiya da ruwa. Wata ila ma ba bakteriya ba ce. Akwai bairos, wata irin ƙwayar cuta daban, da ke kashe karfasa, shi kuwa kafso bai san da zamansa ba.

Ka ɗauki masu ciwo da ransu, ba matattu ba, ka kai wa likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta. A gwada a ga wace ƙwaya ce, wane magani ke cin ta. Kafin nan rage abinci, rage cunkoso, sauya ruwa, yi wa kwamin rumfa, matattu a tsame su a binne. Ruwan da ka zuba wa magani kuma, don Allah kada ya gangara kogin Rima ko fadamar da ake shuka salak.

Wata uwargida daga Mabera ta ce: "Ina da juna biyu, kuma ina son farfesun karfasa. In daina?"

Hajiya, ci abinki. Dahuwa ko suya da ta ratsa har ciki tana kashe ƙwayoyin, masu jin magani da marasa ji. Haɗarin yana ga ɗanye: a 2015 mutane fiye da 160 suka kamu da mummunar cuta a Singafo bayan cin ɗanyen kifin ruwan daɗi, abin da mu ba al'adarmu ba ce. Ki dai wanke hannu da wuƙa da faranti da sabulu bayan gyara, kada ki yanka tumatir ko kabejin da za a ci ɗanye a kansu. Wuta ba ta gama kawar da ragowar magani a tsokar kifi, shi ya sa mai kiwo na gari yake jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya sayar. In kin ga karfasa mai gyambo ko firfitattun idanu ana karyar da ita, arha ba ta ado, wuce kawai.

Wani dattijo mai gyaran kifi a kasuwa ya ce ƙayar bayan karfasa ta soke shi shekaranjiya, hannu ya kumbura ya yi ja, yana jin zazzaɓi, kuma yana da ciwon suga.

Baba, wannan ba na kemis ba ne. Je asibiti yau, ka gaya musu ƙayar kifi ce, domin hakan zai sauya irin maganin da za a zaɓa maka. Ga mai suga, irin wannan ciwo yana saurin shiga jini.

Wata ɗaliba daga Arkilla ta tambaya ko da gaske maganin kifi na shafar mutane.

Da gaske ne, 'yata. Yawancin magungunan danginsu ɗaya da namu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Ba kifi ne babban dalili ba, in faɗi gaskiya; shan kafso barkatai da mu mutane muke yi ya fi. Amma a ɗakin jinya nakan karɓi sakamakon gwajin fitsari ko na gyambo, in bi jerin magunguna shida ko bakwai da yatsa, in tarar ɗaya kaɗai ya rage, shi ma allura ce mai tsada.