Amsa ga mai tambaya kan asalin sunan "Dac rol"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ji matuƙa jirgin sama na kiran wani irin rangaji da jirgi ke yi da suna "Dac rol", kana so ka san ko wani mutumin Holand ne ya gano shi, tunda "Dac" shi ne sunan da Turawan Ingila ke kiran mutanen ƙasar. Na ga kuma wani ɗan'uwa ya ba ka amsa cewa zagi ne, wai an kwatanta jirgin da tangaɗin bugagge. Na sha jin wannan a bakin abokan aiki, amma ni ban gamsu da shi ba. Mafi ƙarfin zato, sunan daga wasan zamiya a kan ƙanƙara ya fito.

A Holand, idan sanyi ya yi tsanani, ruwan magudanansu yakan daskare har mutum ya bi ta kai. Sai su ɗaura takalma masu ƙarfe siriri a ƙasa kamar bakin wuƙa, su riƙa zamewa. Suna da wani salo na yanga: mutum ya karkata jikinsa dama a kan gefen ƙarfen, ya zana baka, sannan ya sauya ƙafa ya karkata hagu ya zana wata. Gaba yake tafiya, amma yana rausaya. Wannan salon ne Turawan Ingila suka laƙaba wa "Dac rol" tun ba a ƙera jirgin sama ba. A 1916 wani injiniya Ba'amurke, Jerome Hunsaker, wanda ya koyar a jami'ar MIT, ya yi rubutu a kan yadda jirgi ke kaɗa hanci hagu da dama yana kuma karkata, ya ce kamarsa da salon masu zamiyar a bayyane take. Shi ya sa na fi yarda da wannan bayani, domin akwai shi a rubuce, daga hannun mai sana'ar.

To, me ke kawo shi? A ce guguwar iska ta ture hancin jirgi zuwa dama. Fiffiken hagu zai ɗan shiga gaba, ya fi na dama shan iska, sai ya ɗaga, jirgin ya karkata dama. Wutsiyar nan da ke tsaye a baya, aikinta ta dawo da hanci kan hanya, amma takan zarce da shi zuwa hagu. Kafin fikafikan su daidaita, hancin ya riga ya tafi ɗaya gefen. Haka za su yi ta kora, hanci na gaba, karkata na biye. Jirage masu fikafikan da suka ja baya, irin manyan jiragen fasinja, sun fi kamuwa da shi, musamman can sama inda iska ba ta da kauri.

Ni da jikina na fara saninsa a na'urar koyon tuƙi. Malaminmu ya kashe mana yo-damfa, wato na'urar da ke motsa ƙyauren wutsiya da kanta don ta kwantar da kaɗawar, sannan ya ɗan taka fedar da ke juya ƙyauren ya saki. Sai na ga hancin jirgin yana zana lamba 8 a kwance a kan layin sararin sama. Nan da nan ƙafata ta kai kan feda, ina so in gyara. Duk takun da na yi a makare yake zuwa, maimakon in kashe rangajin sai ƙara masa ƙarfi nake. Malam ya ce, "Ɗauke ƙafarka, yaro, kai ne ke kaɗa masa gangar." Na ɗauke, tafin hannuna sharkaf da gumi. Idan kai fasinja ne a kujerar taga, abin da za ka gani shi ne bakin fiffike yana zana siffar ƙwai a hankali, masu zama can baya kuma su ne suka fi jin tashin zuciya.

Ba abin wasa ba ne idan ya ƙazanta. Ranar 19 ga Oktoba, 1959, wani sabon Boeing 707 yana atisaye a jihar Washinton ta Amurka, an kashe yo-damfa don a nuna wa matuƙa abin. Rangajin ya wuce kima, injina 3 cikin 4 suka ɓalle daga fikafikan, mutum 4 cikin 8 suka mutu. A 2013 ma wani jirgin dakon mai na sojan Amurka, KC-135, ya kama irin wannan rangaji a Kirgistan har wutsiyarsa ta karye, mutum 3 da ke ciki suka rasu. Amma kada wannan ya hana ka Umara, Malam. Jiragen fasinja na yau na'urar tana aiki tun daga tashi har sauka, tana kashe kaɗawar tun ba ka ji ta ba.

Wani abu da kan rikita ɗalibai: a ƙananan jiragen koyo akwai atisayen da malamai ke kira da wannan suna, inda za ka kafa hanci a kan wani tsauni ko gajimare, ka riƙa karkata jirgin hagu da dama ba tare da hancin ya gusa ba. Wannan koyon haɗa hannu da ƙafa ne kawai, kai ne ke yin sa da gangan. In ka ji ɗalibi ya ce yau ya yi "Dac rol" har sau goma, wannan yake nufi.