Me ya sa gwaggon biri ya addabi gonakinmu bayan zaki ya ɓace?

Ɗan'uwa, ka ce danginka a arewacin Ghana suna kukan gwaggon biri na cinye masu masara, kana tambaya ko farauta na da hannu. Tana da hannu ƙwarai.

Mafarauci da zaki tukunya ɗaya suke ci. Je ka kasuwar Atwemonom nan Kumasi da sassafe, ka ga gada da mazo jibge ana babbake su. Duk wadda ka gani a kan tebur, abincin damisa ne aka ɗauke. In nama ya yi ƙaranci a dawa, damisa da kura sai su faɗa wa awaki, masu awakin kuma su sa guba a mushe, har ungulu su mutu. Tarkon waya ma bai san gada ba, bai san damisa ba.

To, zaki da damisa su ne ke taka wa gwaggon biri birki. Da suka ragu a gandayen dajin Ghana, har da Mole, sai birai suka yi yawa, suka daina tsoro, suna cin ƙwan tsuntsaye da 'ya'yan gada. Ni abin da ya fi ci mani rai, yara ake hanawa zuwa makaranta su tsare gona.

Ka faɗa wa danginka kada su sa guba, karnukansu ma za su ci. Su kiyaye lokacin hana farauta, 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da dabbobi ke haihuwa. Ɓarnar gona kuwa, su kai wa jami'an namun daji na Forestry Commission, wato hukumar kula da dazuzzuka ta Ghana.