Suna fara cike fom ɗina, sai su gudu a tsakiya: wace irin tambaya ce ta dace?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da darussa ta intanet, kuma ƙarshen kowane zango nakan tura wa ɗalibaina fom na Google Forms don in ji ra'ayinsu. Tambayoyi 26 ne a ciki. Goma na bar musu fili su rubuta abin da ke ransu, saura kuma na jera su a babban jadawali na "na yarda" da "ban yarda ba". Da yawa sukan ce mini sun fara amma ba su ƙarasa ba, waɗanda suka ƙarasa kuwa ba abin da suke rubutawa sai "ya yi kyau" ko "babu komai". Wata ƙawata ta ce in ƙara hotuna da taurari da irin ma'aunin nan da ake ja da yatsa don fom ɗin ya yi armashi. Shin haka ne? Wace irin tambaya ya kamata in riƙa zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da shawarar ƙawarki. Niyyarta mai kyau ce, amma ba rashin ado ne ke korar ɗalibanki ba, gajiya ce. Fom ɗinki, yadda kika siffanta shi, ya haɗa abubuwa biyu da suka fi kashe wa mai amsawa jiki: rubutu mai yawa da dogon jadawali. Ki kwatanta ɗalibarki riƙe da waya, babban yatsa ɗaya take aiki da shi, saƙonni na ta faɗowa ta saman allo. Ta amsa tambayar rubutu ta farko da zuciya ɗaya. Ta biyu ta taƙaita. A ta huɗu ta ce bari ta dawo an jima, an jiman da ba ta zuwa. Ga shi kuma Google Forms ba ya nuna miki amsar wanda bai danna maɓallin turawa ba, don haka duk wahalar da ta sha a banza, ke ma ba ki san a ina ta tsaya ba.

Kafin ki taɓa siffar kowace tambaya, ki ɗauki takarda ki jera su duka 26, a gaban kowacce ki rubuta abin da za ki canza a darasinki idan kin samu amsarta. Wadda kika rasa abin rubutawa a gabanta, ki soke ta, ko da kina sha'awar sanin amsar. Na sha yin wannan aikin da masu bincike, kuma da wuya a tashi ba a zubar da wani kaso mai tsoka ba. Abin da kika rubuta a gaban sauran shi zai gaya miki siffar da ta dace. In ƙirga mutane kike so, ki ba da zaɓi. In ƙarfin ra'ayi kike son aunawa, ki sa ma'auni. In dalili kike nema, nan ne kawai za ki buɗe fili a rubuta.

Buɗaɗɗiyar tambaya da mai zaɓi ba abu ɗaya suke aunawa ba, ko da kalmominsu iri ɗaya ne. Bayan zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2008, cibiyar bincike ta Pew ta tambayi mutane wane batu ne ya fi tasiri a kan wanda suka jefa wa ƙuri'a. Wasu an karanta musu zaɓi biyar, wasu an bar su su faɗa da kansu. Cikin waɗanda aka ba zaɓi, kashi 58 cikin ɗari suka ce tattalin arziki. Cikin waɗanda aka bari kuwa, kashi 35 ne kacal suka ambace shi, sannan kashi 43 suka kawo batutuwan da ba sa cikin jerin biyar ɗin sam. Wato jerin zaɓi yana tuna wa mutum abin da ya manta, amma yana kuma rufe masa baki a kan abin da ba ki yi tunanin sakawa ba.

Hanyar da na fi so ita ce a ci ribar duka biyun. Ki fara tambayar ɗalibai kaɗan da baki ko a rubuce, ba tare da zaɓi ba. Abubuwan da suka fi maimaitawa, da irin kalmominsu, su za ki mayar zaɓuɓɓuka a babban fom, ki ƙara "wani abu daban" da ɗan fili a ƙasa. Goman nan naki kuma su koma ɗaya ko biyu, a kusa da ƙarshe, kuma ki matse su. "Me za ki ce game da darussan?" ita ke haifar da "ya yi kyau", domin ba ta nuna wa mutum inda zai kama ba. Ki gwada: "Wane darasi ne ya fi ba ki wahala, kuma a daidai ina kika daina fahimta?" Wannan tana da wurin kamawa. Girman akwatin ma magana yake yi: ɗan layi ɗaya yana cewa kalma biyu sun isa, babban fili yana cewa a yi bayani.

Tambaya mai zaɓi ɗaya ita ce mafi sauƙi a waya, kuma ita ya kamata ta fi yawa. Sai dai tana da tarkunanta. Kada zaɓuɓɓuka su shiga juna: in kin rubuta shekara 18 zuwa 25, sannan 25 zuwa 35, mai 25 ina zai dosa? Kuma kada su bar wani a waje. Sannan a rubuce ido yakan fi tsayawa a kan zaɓuɓɓukan farko, saɓanin tambayar da ake karanta wa mutum a kunne, inda na ƙarshe ke fi maƙalewa. Maganinsa ki kunna wurin da ke cakuɗa jerin ga kowane mai amsawa, akwai shi a Google Forms. Amma kada ki cakuɗa abin da ke da tsari na asali, kamar shekaru ko matakan gamsuwa.

Akwai wani tarkon da ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma ina son ki ɗan tsaya a kansa. A 1985 masanin halayyar ɗan'adam Norbert Schwarz da abokan aikinsa sun tambayi mutane a Jamus awa nawa suke kallon talabijin a rana. Wasu an ba su jerin da ya fara daga rabin awa ya ƙare a "fiye da awa biyu da rabi". Wasu kuma jerin nasu daga "har zuwa awa biyu da rabi" ya fara, ya yi sama. A rukunin farko kusan kashi 16 ne suka ce suna wuce awa biyu da rabi, a na biyu kuwa sun haura kashi 37. Mutum ba ya riƙe da lissafin kallonsa a ka, sai ya dubi jerin ya ɗauka cewa tsakiyarsa ita ce ta yawancin mutane, ya ajiye kansa a kusa. Saboda haka in za ki tambayi awa nawa ɗalibi ke bita a mako, ya fi ki ba shi ɗan akwati ya rubuta lamba da kansa. Lamba ɗaya ba ta gajiyar da kowa.

Sai tambayar "zaɓi duk waɗanda suka dace". Tana da kyan gani, amma mutane kan danna biyu ko uku na sama su wuce. Wanda bai danna abu ba, ba ki san ko a'a yake nufi ko bai ma karanta ba. Binciken da masana Jolene Smyth da Don Dillman da abokansu suka wallafa a 2006, da wani na Pew a 2019, duk sun nuna cewa idan aka sa mutum ya ce "e" ko "a'a" a kan kowane abu, yakan amince da abubuwa fiye da yadda yake yi a jerin danna-abin-da-ka-ga-dama. In jerin gajere ne kuma amsar na da muhimmanci a wurinki, kamar matsalolin da ɗalibi ya fuskanta wajen shiga darasi, ki yi ta e-ko-a'a. In ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, bar ta yadda take.

Yanzu ga jadawalinki, inda nake zaton nan ne aka fi zubewa. Ma'aunin "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam" ya samo asali daga masanin halayyar ɗan'adam Rensis Likert, wanda ya gabatar da shi a 1932, kuma har yau ana cin moriyarsa. Matsalarsa sananniya ce: mutane na da saurin cewa "na yarda" ga duk maganar da aka ajiye musu, musamman in sun gaji ko suna jin nauyin mai tambaya. To ke malamarsu ce. In kin rubuta "Malama tana bayani yadda ake fahimta", wa zai danna "ban yarda ba"? Ki juya ta ta zama tambaya ta gaskiya mai ɗauke da nata ma'aunin: "Yaya saurin bayanin yake a wurinki?" sannan zaɓi: ya yi sauri sosai, ya ɗan yi sauri, daidai ne, ya ɗan yi jinkiri, ya yi jinkiri sosai. Kin ga a nan babu amsar da za ta zama rashin kunya, kuma kowacce tana gaya miki abin da za ki gyara.

Mataki biyar ya ishe ki, bakwai in kina son bambanci mai zurfi. Ki sa wa kowane mataki suna, kada ki bar lambobi tsirara, domin 3 ɗin wani 4 ɗin wani ce. Kuma in kin fara da mai kyau a sama, ki tafi a haka har ƙarshe. Batun matsakaicin zaɓi kuwa, masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Ni ra'ayina a bar shi inda da gaske mutum zai iya kasancewa a tsakiya. "Ban halarci wannan darasin ba" kuma ba tsakiya ba ce, ki ware mata gurbinta daban.

Shi kansa jadawalin, layi goma sha shida a allon waya azaba ne. Sunayen matakan suna can sama sun ɓace, sai an ja hagu an ja dama. A nan ne mutum ke fara abin da masanin binciken jin ra'ayi Jon Krosnick ya yi bayaninsa a 1991, wato ba da amsar "a yi ta ta ƙare" maimakon amsar da aka yi tunani a kanta. Za ki gane shi a sakamakonki: ki duba waɗanda suka danna gurbi ɗaya tun daga layin farko har na ƙarshe, kamar an ja zare. Ki wargaza jadawalin, kowace tambaya ta tsaya da ƙafarta, ko ki rage shi zuwa layi huɗu ko biyar masu alaƙa da juna. Kina cikin haka ki lura da tambaya mai kai biyu, irin "Sauti da hoton bidiyon suna fita da kyau?" Wadda ke jin sauti tangaran amma hoto na yanke mata, me za ta danna?

Mu koma kan kayan adon ƙawarki. Taurari biyar ba laifi ga tambaya ɗaya ta gamsuwa gaba ɗaya, kowa ya san su. Ma'aunin ja da yatsa kuwa ba na ba da shawararsa: a ƙaramin allo da wuya a tsayar da shi daidai inda ake so, kuma in an bar shi a inda ya fara ba ki san ko amsa ce ko tsallakewa ba. Hoto yana da amfani idan shi ne abin da ake tambaya a kai, misali zane biyu na allon darasi a zaɓi wanda ya fi karantuwa. In ado ne kawai, nauyi yake ƙara wa shafi. Jera abubuwa daga na ɗaya zuwa na goma ma wahala ce, ki ce a zaɓi uku mafi muhimmanci. Za ki kuma ci karo da tambayar nan ta 0 zuwa 10, "za ki ba wani shawarar ya shiga darasin?", wadda masanin kasuwanci Fred Reichheld ya yayata irinta a 2003. Tana da amfani wajen kwatanta zango da zango, amma ita kaɗai ba ta faɗin dalili, sai kin bi ta da gajeren "me ya sa?"

Abin da ke sa fom ya yi daɗin cikewa shi ne mutum ya ji ana sauraronsa. In ɗaliba ta ce ba ta kalli bidiyon ba, kada tambaya ta gaba ta ce ta auna ingancinsa. Ki raba fom ɗin sashe-sashe, ki sa amsa ta kai mutum sashen da ya shafe shi. A Google Forms ana yin wannan da tambaya mai zaɓi ɗaya ko jerin da ke saukowa. Ki buɗe da tambaya mai sauƙi da ta shafi darasin kai tsaye, ki kai shekaru da makamantansu ƙarshe, kuma kada ki wajabta amsa kowace tambaya, musamman ta rubutu. Wanda aka tilasta wa rubutu ɗigo ɗaya zai sa ya wuce. Ki faɗi gaskiyar mintin da zai ɗauka tun a sama, bayan kin auna da agogo. In ba kya karɓar suna ko imel, ki faɗa a fili, don hakan na sakin baki.

Kafin ki tura sabon fom ɗin, ki nemi mutum huɗu ko biyar su cike shi a wayoyinsu kina gani, ko ta kiran bidiyo. Ki roƙe su su riƙa faɗin abin da ke zuwa musu a rai da murya, ke kuma ki yi shiru, kada ki fassara musu komai. Duk inda kika ga yatsa ya tsaya a iska, ko aka koma sama aka sake karantawa, ko aka ce "nan me kike nufi?", ki sa alama a takardarki. Waɗannan tambayoyin za ki fara gyarawa, sannan ki sake ba wa wasu mutum biyu daban su gwada.